Muryoyi Sun Haɗu, Zukata Fa?

Yau zan ɗauke ku zuwa wuri mai nisa, wato birnin New York na ƙasar Amurka, domin mu yi magana a kan wani faifan waƙa da mutane biyun da suka yi shi. Na san wani zai ce, ina ruwanmu da mawaƙan Turawa? Ku yi haƙuri ku biyo ni, gama abin da ya shiga tsakanin mutanen nan biyu ba baƙo ba ne a gidan kowa.

Ran Asabar 19 ga watan Satumba 1981, da yamma, mutane kimanin 500,000 suka taru a babban filin shaƙatawa da ke tsakiyar birnin, wanda ake kira Central Park. Ba a karɓi ko sisin kwabo a ƙofa ba. Magajin garin na lokacin, Ed Koch, ya hau dandamali ya kira sunaye biyu, sai ga Paul Simon, gajere, da jitarsa a rataye, ga kuma Art Garfunkel, dogo mai tarin suma. Suka gaisa a gaban jama'a, suka soma waƙa. Shekara 11 ke nan rabon da su yi cikakken wasa irin wannan tare. An ɗauki muryoyinsu a daren, aka fitar da faifai mai zube biyu a watan Fabrairu 1982, mai suna The Concert in Central Park, har yau kuwa ana sayensa, ana saurarensa.

Ra'ayina a kan faifan nan shi ne, yana da daɗi ƙwarai, ya kuma cancanci yabon da ake yi masa, amma mutane da yawa suna yi masa kallon kitse alhali rogo ne. Suna ɗaukarsa shaidar sulhu tsakanin tsofaffin abokai. Abin da na'ura ta ɗauka a daren nan haɗuwar muryoyi ce. Sulhun kansa sai da ya ƙara jiran shekara 43, ranar da ya zo kuwa babu taron jama'a, babu lasifika.

Bari in koma baya kaɗan domin wanda bai san su ba. An haifi su biyun a shekarar 1941, wata ɗaya tsakani, Simon a Oktoba, Garfunkel a Nuwamba. Dukansu 'ya'yan Yahudawa ne, a unguwa ɗaya suka tashi, a gundumar Queens ta New York. Sun saba ne a makarantar firamare a 1953, wajen wani wasan kwaikwayo na yara. Tun suna samari suke zama a ɗaki suna koyon haɗa murya, suna kwaikwayon wasu 'yan'uwa biyu da ake kira Everly Brothers, har Garfunkel yakan zuba wa bakin abokinsa ido domin ya ga yadda harshensa yake motsi, numfashinsu ya zo ɗaya. A 1957, suna da shekara 16, suka fitar da waƙa da sunan Tom and Jerry, ta kuwa ɗan yi kasuwa.

Sunansu ya fito sosai ne da waƙar The Sound of Silence. Da fari sun rera ta da jita ta katako kaɗai a 1964, ba ta yi kasuwa ba, har kowa ya kama gabansa, Simon ya tafi Ingila. Sai wani mai shirya faifai, Tom Wilson, ya ɗauki waƙar a 1965 ya ɗora mata jita mai lantarki da ganguna, ba tare da ya shawarce su ba. Farkon 1966 ta zama ta ɗaya a Amurka. Wannan gauraye na sanyin waƙar gargajiyarsu da ƙarfin kiɗan zamani shi ne salon da aka san su da shi. Daga nan sai nasara ta bi nasara, har zuwa faifan Bridge over Troubled Water na watan Janairu 1970, wanda ya fi dukan na baya kasuwa. A cikin wannan shekara, suna ƙololuwar ɗaukaka, suka rabu.

Me ya raba su? Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, bangon nan kuwa ya daɗe da tsagewa. Tun a 1958 Simon ya je shi kaɗai ya ɗauki wata waƙa da wani suna dabam, bai gaya wa abokinsa ba. Garfunkel ya ji labari daga baya, abin ya zauna masa a rai shekara da shekaru. Sa'an nan ga rabon aiki: Simon ne yake rubuta waƙoƙin, shi ne kuma mai jita, Garfunkel kuwa Allah ya ba shi siririyar murya mai tashi sama wadda ba kowa yake da irinta ba. Kowannensu yana da abin da ɗayan ya rasa, kowannensu kuma ya san haka. A 1969 Garfunkel ya tafi ƙasar Meziko domin ya fito a wani fim mai suna Catch-22. Da ma an shirya su biyu za su fito, sai aka soke rawar da Simon zai taka. Aikin fim ɗin ya ja watanni, Simon yana New York shi kaɗai yana rubutu yana jira.

Har ita waƙar tasu mafi girma ta zama abin ɓacin rai. Simon ya rubuta Bridge over Troubled Water, wato gada a bisa ruwa mai hauka, shi da kansa kuma ya faɗa cewa ya samo tushenta daga bakin Claude Jeter na ƙungiyar Swan Silvertones, mawaƙan bishara na baƙaƙen fatar Amurka. Waƙa ce ta alkawarin tsaya wa aboki a ranar wahala. Simon ya miƙa wa Garfunkel ya ce shi ya rera, Garfunkel ma da fari cewa ya yi mai ita ya rera abinsa. Amma daga baya Simon ya furta cewa sau da yawa yakan tsaya a gefen dandamali, jama'a suna tafi suna yi wa abokinsa sowa, shi kuwa zuciyarsa tana ce masa ai waƙarsa ce. Ku duba wannan abu, jama'a. Mutum ya yi kyauta da hannunsa, sa'an nan kyautar ta dawo tana cizonsa.

To, yaya aka yi suka sāke haɗuwa a 1981? A tsakiyar shekarun 1970 birnin New York ya shiga matsalar kuɗi har ya kusa tsiyacewa, filin Central Park kuwa ya lalace, ciyawa ta mutu, gine-gine sun zube, mutane suna tsoron shigarsa da dare. Hukumar filayen birnin ta nemi a yi babban wasa domin a jawo hankalin jama'a, a kuma sami abin gyara daga cinikin kayan tunawa da haƙƙin nunawa a talabijin. Simon aka fara tuntuɓa. A lokacin kuwa kasuwar kowannensu ta ɗan ja baya, gama fim ɗin da Simon ya yi a 1980, One-Trick Pony, bai karɓu ba. Aka yi shawara a gayyato Garfunkel, aka kuma ga cewa ba zai yi kyau a kira shi ya rera waƙa biyu ko uku ya sauka kamar baƙo ba, sai a yi wasan duka tare.

Makonnin da suka yi suna koyon waƙa ba su wuce lafiya ba. Garfunkel yana so a yi yadda aka saba tun dā, murya biyu da jita ɗaya. Simon kuwa, wanda ya yi shekara 10 yana aiki da manyan makaɗa, ya nace sai an kawo cikakkiyar ƙungiya. Maganar Simon ce ta ci, aka kawo makaɗa 11. Dole Garfunkel ya koyi waƙoƙin da abokinsa ya yi bayan rabuwarsu, Simon kuma ya koma wa tsofaffin da yake ganin ya wuce su. Tsohon miki ya tashi, aka yi ta musu har ranar ta zo.

Duk da haka, wanda ya saurari faifan ba zai ji alamar wannan ba, a nan ne kuwa gwanintar take. Sun buɗe da Mrs. Robinson, jama'a suka ɗauka gaba ɗaya. In sun zo kan waƙoƙi masu sanyi irin su Scarborough Fair da Old Friends, sai ka ji taron mutum rabin miliyan ya yi tsit. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ƙungiyar mawaƙa ya san wuyar abin nan: mai muryar sama ba ya rera abin da mai muryar ƙasa yake rerawa, amma dole kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa fiye da yadda yake jin kansa, in ba haka ba waƙa ta watse. Mutanen nan biyu, suna gab da cika shekara 40, sun yi wannan har wanda bai sani ba zai ce jiya suka rabu. Da Garfunkel ya rera Bridge over Troubled Water, Richard Tee yana bin sa da piyano irin na majami'un baƙaƙen fata, ya kai ta har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Waƙar American Tune kuwa, wadda Simon ya yi shi kaɗai a 1973, ta sami wani kyau da ba ta da shi a dā, domin murya ta biyu ta shiga cikinta. Ban ga laifin wanda ya ji wannan ya share hawaye ba.

Amma faifai ba ya faɗin dukan abin da ya faru. Ga misali ɗaya. A daren nan Simon ya rera wata sabuwar waƙa, The Late Great Johnny Ace, wadda take ambaton mutuwar John Lennon, mawaƙin da aka harbe a watan Disamba 1980 a ƙofar gidansa, a bakin wannan fili. Yana cikin rerawa sai wani mutum ya haura dandamali a guje ya nufo shi, yana cewa lalle sai ya yi magana da shi. Masu tsaro suka riƙe shi, Simon ya daure ya ƙarasa waƙar. Wanda ya kalli hoton bidiyon zai ga wannan, amma a faifan da aka fitar a 1982 babu waƙar sam. Ban ce an yi ha'inci ba, kowane mai sana'a yakan zaɓi abin da zai kai kasuwa. Ina dai tuna mana ne cewa faifai abu ne da aka tace. In an iya cire tashin hankalin da dubban mutane suka gani da idonsu, ina ga wanda yake ɓoye a cikin zuciya?

Abin da ya biyo baya shi ne ya tona asiri. Ganin yadda wasan ya karɓu, suka fita zagayen duniya a 1982 da 1983, suka je Japan da Turai da sauran wurare, filaye suna cika, amma a bayan fage sau da yawa ba sa ko magana da juna. Suka soma shirya sabon faifai tare. Garfunkel yana so ya tsara muryarsa shi kaɗai, a lokacin da ya ga dama. Simon kuwa yana ganin waƙoƙin sun shafi rayuwarsa da aurensa ƙwarai, ba na rabawa da wani ba ne. Ƙarshenta Simon ya goge muryar abokinsa daga abin da aka riga aka ɗauka, ya fitar da faifan da sunansa shi kaɗai a 1983, ya kira shi Hearts and Bones. Wato shekara biyu kacal bayan mutum 500,000 sun yi musu shaida, ɗaya ya share muryar ɗayan da hannunsa. A watan Agusta 1991 Simon ya koma wannan fili ya yi wani babban wasa, Garfunkel bai hau dandamalin ba.

Haka suka yi ta yi, a haɗu a rabu. An haɗa su a 1990 domin a karrama su, sun yi wasanni a 1993, suka sāke ɓatawa. A 2003 aka ba su lambar girma ta Grammy, suka fita wani zagaye da suka sa wa suna Old Friends, wato tsofaffin abokai, aka sāke fitar da faifai a 2004. A 2010 muryar Garfunkel ta sami matsala, aka soke wasannin da aka shirya, daga wannan shekara kuwa ba su ƙara fita zagaye tare ba. A 2015 Garfunkel ya yi hira da wata jaridar Ingila, ya faɗi maganganu masu zafi a kan Simon, har da gorin gajarta. Magana kuwa zarar bunu ce. Shekara guda bayan haka Simon ya ce ko magana ba sa yi.

Yanzu wani zai ce, ashe wasan 1981 munafunci ne, kuɗi da suna ne suka haɗa su. Ban yarda da wannan ba. Mutum biyu da ba sa jituwa suna iya haɗa hannu su yi aikin kirki, aikin kuma ya zama na gaske. Filin da aka yi wasan dominsa ya farfaɗo a shekarun da suka biyo baya, ko da yake aikin mutane da yawa ne, musamman ƙungiyar kula da filin da aka kafa a 1980. Waɗanda suka taru a daren sun koma gida da farin ciki wanda ba na jabu ba ne. Iya danne ɓacin rai na awa biyu domin a sauke nauyin jama'a, wannan ma halin manya ne, ba kowa yake iya shi ba. Da za a ce sai zuciya ta wanke sarai kafin a yi aiki tare, da gonaki da yawa sun kwana ba shuka.

Wani kuma zai ce, to, in haka ne me ya rage? Sun yi aikinsu, mun ji daɗi, sauran ba ruwanmu. A nan ne nake da ja. Haɗin aiki yana da iyakarsa, haɗarinsa kuwa shi ne yakan yi kama da sulhu har ya ruɗi masu yinsa. Wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da abokin faɗansa, jama'a suna tafi, yana iya komawa gida yana cewa ai magana ta wuce. Alhali ba a taɓa ta ba. Ba wanda ya ce, abu kaza da ka yi mini a shekara kaza ya yi mini ciwo. Ba wanda ya ce, na yi kuskure. An shafa wa gyambo mai, an ɗaure da kyakkyawan ƙyalle, ruwan yana ciki. Shi ya sa da aka koma ɗakin ɗaukar waƙa a 1983, inda babu jama'a, babu tafi, sai mutum biyu da tsohon lissafinsu, abin ya fashe.

Mu 'yan kallo ma muna da namu laifin. Muna son ganin an rungumi juna, domin yana faranta mana rai, yana kuma sauke mana nauyi. Sau nawa muka tara wa da ƙane da suka yi shekaru ba sa ga maciji, muka ce su ba juna hannu a gaban dattawa, aka yi tafi, aka ci abinci, kowa ya watse, ba wanda ya tambayi abin da ya haɗa su tun farko? Bayan wata uku sai mu ji abin ya dawo, mu riƙe baki muna mamaki. Ba da hannu a gaban jama'a yana da amfaninsa, gama yakan buɗe ƙofa, yakan kuma sa mutum ya ji kunyar komawa baya. Kuskuren shi ne a mai da shi ƙarshen tafiya. Jama'ar Central Park sun sami abin da suka zo nema, suka tafi. Su biyun da aka yi wa tafi su ne suka kwana da abin da ya rage.

A watan Nuwamba 2024 Garfunkel ya gaya wa jaridar The Sunday Times ta London cewa 'yan makonni kafin nan ya ci abincin rana tare da Simon, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Ya tambaye shi me ya sa suka daina ganin juna. Simon ya ambaci wata tsohuwar hira da ya yi da 'yan jarida, ya gaya masa yadda maganganunsa suka yi masa ciwo. Garfunkel ya ce da ya ji haka sai ya fashe da kuka, ya kuma amsa cewa wauta ya yi. Suka rungumi juna. A shekarar nan kowannensu ya cika 83. Simon ya riga ya rasa yawancin jin kunnensa na hagu, muryar Garfunkel kuma ba kamar dā take ba. Abu uku ne suka faru a teburin nan waɗanda ba su faru a dandamalin 1981 ba: an yi tambaya, an faɗi inda yake ciwo, mai laifi kuma ya amsa laifinsa. Ba su ɗauki awa biyu ba, ba su kuma bukaci makaɗa 11 ba.

Abin da yake ba ni tausayi shi ne lissafin shekarun. Tambayar da aka yi a 2024 ana iya yinta a 1983, ana iya yinta a 1970, har ma a 1958 sa'ad da suke samari. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, wannan ba abin kunya ba ne. Amma su biyun nan sun yi sa'a, rai ya kai su ranar. Mutane da yawa sun jira irin wannan rana, sai labarin rasuwa ya riga ta zuwa.

Saboda haka ina ba ku shawara, wanda ya sami faifan The Concert in Central Park ya saurare shi, ko bai ji Turanci ba, gama daɗin haɗuwar murya ba ya bukatar tafinta. Tsohuwar zuma ce, har yanzu ana magani da ita. Sai dai in ya kai ƙarshe, tafin jama'a ya lafa, ya tambayi kansa ko akwai wanda suke zama a benci ɗaya, suke rera waƙa ɗaya, suke gaisawa da fara'a a gaban mutane, alhali akwai maganar da ba su taɓa yi ba. In akwai, kada ya jira a tara masa jama'a. Zumunci a ƙafa yake. Ya tashi ya je, ya zauna, ya yi tambayar, sa'an nan ya daure ya ji amsar.

Allah ya ba mu zuciyar yin haka tun da sauran lokaci.